An Kulle Mu a Bakin Kasuwar Kure

Jama'a, wallahi wannan abu da ni ya faru, shekarun baya ina tuƙin keke napep a Minna, kuma har yau ban san ko ina da alhaki a ciki ba.

Akwai wani tsoho a Ketaren Gwari, Baba Iliya, mutumin kudancin Kaduna, tsohon matuƙin jirgin yaƙi. Ciwon zuciya gare shi, duk Talata ni nake kai shi asibiti. A hanya ba ya shiru. Shi ya koya mini cewa rada, wato idon jirgi, aiki uku take yi: ta nema, ta bi, ta kulle. In abokin gaba ya kulle ka, wato ya saita makaminsa a kanka, wata ƙara kake ji a kunne, tit-tit-tit. Ya ce makami mai linzami sai da tazara, in kun yi kusa ba ya aiki, sai bindiga, kuma da bindiga har hular mutum kana gani. Na taɓa ce masa, "Baba, ka taɓa gani?" Ya ce in kula da hanya.

Rannan bayan azahar matarsa ta kira ni tana kuka, ciwon ya tashi. Na ɗauko shi yana gumi, ita ta tsaya neman katin asibiti za ta biyo mu a mashin. Mun zo bakin Kasuwar Kure, cunkoso, motar hatsi ta tare rabin titi, ina ta hon ina roƙon mutane don Allah marar lafiya ne, sai na ji tit-tit-tit. Kekena ba rediyo, wayata kuma na duba, ba ita ba ce.

Baba ya ce, "An kulle mu."

Ni da wautata na ɗauka hanya yake nufi. Na ce, "Yi haƙuri Baba, yanzu za a buɗe."

Ya damƙi kafaɗata. "Ba hanya ba, ɗana! Yana bayanmu. Ya yi kusa, linzami ba zai yi masa ba, bindiga zai sa. Karya dama!"

Na dubi madubi. Innalillahi! Inuwar jirgi ce a kan kwalta, da fikafikanta, tana bin mu a hankali. Na leƙa sama, babu komai sai rana, wata mai lemu a gefe tana ta cinikinta.

Hanya ta buɗe. Asibiti yana hagu. Yana ihu, "Dama! Dama!" ni kuma ina ganin leɓensa ya yi fari, na ce ciwo ne ke magana, na karya hagu. Ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya doguwa, sannan ta ɗauke. Hannunsa ya saki kafaɗata.

Likita ya ce ya rasu, zuciya ce. To amma da na fito, a tamfol ɗin kekena na tarar da huji a jere, daga baya zuwa daidai inda ya zauna, bakinsu a ƙone, yatsana yana shiga.

Malamai uku na tambaya, duk suka ce ajali ne, ba ni da laifi. Na yarda, amma matarsa ban iya gaya mata ya ce in karya dama ba. Kullum in ta gan ni sai ta yi mini godiya wai na yi ƙoƙari.

Don Allah, in kun ɗauko marar lafiya ya ce ku juya, ku tsaya ku tambaye shi me ya gani. Ni ban tambaya ba.