Daƙuwar da Kwamfuta Ta Kira Gaisuwa

Shekarun baya, ina da shagon gyaran waya kusa da tashar Bagudo, sai mahaifiyata ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Bakinta ya mutu, hannun dama kaɗai ya rage mata. Mu biyu ne a gidan, sai maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai ɗinki da ta tsufa a garin, muna ce mata Mama. Ita ke leƙa Inna idan na fita. Babban tsorona shi ne Inna ta buƙace ni, ta rasa yadda za ta kira ni.

A lokacin ina ji da kaina, gani nake ba abin da ya fi ƙarfina a harkar kwamfuta. Na samo wata manhaja da ke gane motsin hannu daga bidiyo, na sa wa kowane motsi kalmar Hausa, na ɗaure tsohuwar waya a jikin taga tana kallon gadon. Na ce, "Inna, in kina bukatata, ki yi wa wagga waya alama, saƙo zai iske ni." Ta kalle ni, ta kalli wayar, ta taɓe baki.

Washegari ko tasha ban kai ba saƙo ya shigo: "Inna ta ce sai ka dawo." Daɗi ya kashe ni. Haka kullum da safe, ina fita saƙon ke biyo ni, ni kuwa ina ta nuna wa mutane. Abin da ya ɗaure min kai, a gida Inna ta daina kallona. In na kawo kunu ta kau da kai, sai Mama ta ba ta take sha. Ta fara ramewa, hankalina ya tashi ƙwarai.

Ranar kasuwar Lolo da ke bakin iyaka na tafi da kayan waya, don 'yan ƙasar Benin na tsallakowa saye. Ina cikin ciniki sai ga sabon saƙo: "Inna tana gaishe ka." Ya sake shigowa, ya kuma. Na nuna wa wani abokina na ce, "Ka gani? Sauƙi ya samu, har gaisuwa takai."

Da na dawo na iske Mama a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Kai ɗan nan, mi ka yi ma tsohuwa? Tun sahe hushi takai da waccan waya taka."

Na ce ai gaishe ni take yi. Mama ta ce in buɗe mu gani.

Muka buɗe bidiyon. Ga Inna, ina fita ta miƙa hannu, tafin yana kallon ƙasa, tana kaɗa yatsu. Yafito ni take yi, yadda kowace uwa a ƙasar nan ke kiran ɗanta. Ita kuwa manhajar a hannun Turawa ta yi karatu, su da haka suke bankwana. Inna ta yafito har hannun ya gaji ya faɗi. Can ta tattara ƙarfinta, ta ware yatsu biyar, ta danƙara wa wayar daƙuwa. Wannan ce gaisuwar da nake ta nuna wa mutanen Lolo.

Mama ta yi dariya har ta dafa bango. Ni ma na fara, sai na gane abin da na yi. Kullum safiya uwata na cewa in zo, ni ina murna ina ƙara nisa.

Na shiga na durƙusa a bakin gado na ce, "Inna, ga ni." Ta daɗe tana hararata, sannan ta yafito ni. Na matso. Ta kai tafinta bakinta, leɓɓanta na motsi ba sauti, ta tofa, ta shafa min a kai. Tun ina makaranta ba na fita sai ta yi min wannan addu'ar. Da ta kwanta ciwo na ɗauka addu'ar ta wuce ke nan, ashe ita take kirana in karɓa. A daren ta shanye kununta daga hannuna.

Daga baya muka koya wa manhajar hannun Inna. Ta yi ta yafito kyamara ina adanawa, in ta gaji ta ba ta daƙuwa, ita ma na adana. Amma ban ƙara fita ba sai na sunkuyar da kaina.

Yanzu kafin in yarda da abin da na'ura ta gaya min game da mutum, sai na tambayi hannun wa ta gani ta koya. Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta, bidiyoyin suna nan. Ranar da kewa ta ishe ni nakan kunna ɗaya, ta miƙo hannun nan, manhajar ta rubuta "Zo" daidai, ba kuskure. Sai in tsinci kaina na sunkuyar da kai a gaban waya.