Yatsu Huɗu na Gwaggo Kalmasa

Ba wanda ya tuna sunanta na yanka, Gwaggo Kalmasa kawai ake ce mata. Shekara talatin ke nan tana zaune bakin taga da tsohon kekenta na ƙafa, tana ɗinka wa yaran layin kayan makaranta. Ita dai dokarta ɗaya ce: duk rigar da ta fito daga hannunta sai ta naɗe mata yatsu huɗu a ƙasa.

"Yaro ai ba turmi ba ne da zai tsaya inda aka ajiye shi," in ji ta. "Baɗi a warware biyu, baɗin baɗaɗa biyu."

Da wannan kalmasar ta raini ɗanta bayan rasuwar maigidanta, da ita kuma gidaje da yawa suka rufa wa kansu asiri. Aibin kalmasar ɗaya ne. Rana da sabulu sukan cinye shuɗin riga, abin da ke naɗe kuwa yana nan sabo fil. In aka warware sai ka ga riga koɗaɗɗiya da baki mai duhu.

Sai ga sabon hedimasta, mutum mai son tsari kamar ransa. Ya kafa doka cewa riga ta wuce gwiwa, kuma launinta ya zama ɗaya. Ranar jarrabawar fita, jikarta da ake tsokana da Falwaya saboda tsawo ta dawo gida da kuka, fensir a hannu. An tare ta a ƙofar makaranta saboda bakin rigarta mai duhu.

Ran Gwaggo ya ɓaci ƙwarai. Ita ta san daren da yarinyar ba ta yi wasa ba da ranar da ta ƙi cin abinci saboda lissafi. Ta zari almakashi da mayafi, ta tasa ta gaba.

A bakin ƙofa ta tarar da wasu yara goma sha ɗaya jingine da katanga, kowacce riga ɗinkinta ce. Hedimasta na tsaye yana duban agogo.

"Ranka ya daɗe, ina kwana? Rigar ce za ta rubuta jarrabawar, ko yarinyar?"

"Baba, doka ce. Kayan makaranta an yi su ne don kada a gane ɗan mai shi da ɗan marar shi."

"To ai ga shi kai ka gane su, har ka jera su a rana."

Ya sake duban agogo. Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta kama bakin rigar jikarta ta buɗe almakashi.

"Launi ɗaya kake so? Yanzu zan ba ka. Amma in na yanke, gwiwa za ta fito. Sai ka zaɓa min dokar da za mu karya, don yarinya dai ba za ta koma gajera ba. Ku kuma ku yi layi, kowa zai samu."

Yaran suka yi layi kuwa. Maigadi ya kau da kai yana tari, dariya na cin sa. Aka kaɗa ƙararrawa.

"Su shiga," in ji hedimasta a ƙarshe. "Amma kar in sake ganin rigar nan haka."

"Ba za ka sake ba, ranka ya daɗe."

Ba ta yi ƙarya ba. A ranar, da Falwaya ta rubuta takardar ƙarshe ta dawo gida, Gwaggo ta wanke rigar, ta goge, ta mayar da yatsu huɗun ciki, launi ya koma ɗaya. Sannan ta ƙwala wa ƙanwar yarinyar kira ta zo a gwada.