Kwalba Biyu a Alkukin Hajiya

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ina aji biyu a sakandare. Maza na zaure suna ta gardamar zaɓe, mu kuwa da an sauke tuwo sai mu zagaye murhun kakarmu Hajiya, a gidanmu na unguwar Gobarau. Har yau in na ji ƙamshin garwashin ƙirya, muryarta nake ji.

Ranar nan na dawo daga makaranta da ɓarna a aljihu. Malamin kimiyya ya nuna mana ruwan asid, fari tas kamar na randa, ya tsoma shuɗiyar takarda a ciki ta koma ja. Abin ya tafi da ni. Na faki idonsa na tsiyayi kaɗan a 'yar kwalba don in burge ƙannena, na ɓoye a alkukin ɗakin Hajiya. Sai da na ajiye na ga kwalbar zamzam ɗinta a gefe, wadda take shafa wa idanunta. Kamarsu ɗaya sak. Kafin in ɗauke aka kira ni tuƙin tuwo.

Da muka zauna Hajiya ta gyara itace ta ce, "To, ga wata nan tahe." Muka ce ta iso. Wai wata mai magani ce take da gora biyu, ɗaya na warkar da ciwo, ɗaya na kashe ɓera. Maƙwabta suka ce ta ɗaura wa ɗaya zare, ta ce ai idonta ya san kayanta. Kwanci tashi ido ya dushe. Wata rana jikanta ya kwanta da zazzaɓi, ta miƙa hannu tana laluben gora.

Nan Hajiya ta tsaya. Ta murza ido ta dubi ƙanwata. "Hayaƙin ga ya dame ni. Ke Binta, ɗauko mani zamzam a alkuki."

Na san in na yi magana bulalar Baba na jirana, wataƙila har a kore ni daga makaranta. Binta ta kai bakin ƙofa na fashe da kuka, na faɗi komai.

Hajiya ba ta ko ɗaga murya ba. "Mi sunan abin?" Na faɗa mata, na ce da safe zan liƙa masa takarda in rubuta. Ta yi dariya. "Wa zai karanta, ni? Ki maida masu kayansu gobe, ƙawata." Baba bai taɓa jin maganar ba.

Na shekara talatin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ina zaga ƙauyuka, ina tambayar tsofaffi ƙarshen tatsuniyar nan. Ba wanda ya taɓa jin ta. Sai bayan rasuwar Hajiya gwaggona ta gaya mini cewa ranar Hajiya tana kan darduma a bayan labule, ta gan ni sarai, kuma tun kafin magariba ta kai kwalbar asid ɗin bayan gida ta ɓoye. Jira kawai take in buɗe baki da kaina. Allah Ya jiƙan Hajiya, ina kewarta ƙwarai.