Gidan da Malam Haladu Ya Cire wa Taya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Haladu, kuma a makon jiya ne matarsa, Hajiya Rabi, ta miƙa makullin gidan da ya bar mata. Na yi niyyar in tsaya kan halinsa kawai, kamar yadda aka saba a rubutun tunawa da mamaci, amma maganar gidan ta sha gabana. A ganina ma, wanda bai san labarin gidan ba bai san mutumin ba.

Malam Haladu kafinta ne, mutumin Funtuwa, ya riga yawancinmu zuwa Greensboro, a ƙasar Amurka. Lokacin da na ajiye aikin rediyo a gida na zo garin nan, shi ya tarbe ni a tashar bas ta cikin gari, ya ɗauki akwatina ya jefa bayan motarsa cikin guduma da igiyoyi. Tun a hanya ya laƙaba mini Mai Labarai, kuma har ya koma ga Allah ban ji sunana na yanka a bakinsa ba.

Sana'arsa tana bukatar ɗan bayani ga mai karatu na gida. A ƙasar nan akwai gidajen da ba a gina su a inda za a zauna. A masana'anta ake ƙera su, da ɗakunansu da kicin da banɗaki da wayar lantarki, a kan wani dogon ƙarfe mai taya. Sai babbar mota ta jawo su, wani lokaci gida ɗaya ya zo rabi biyu, kowane rabi da motarsa. Aikin Malam Haladu shi ne zaunar da su: a ɗora gida kan bulo, a haɗa rabi da rabi, a ɗaure shi da ƙasa saboda iska, sannan a daidaita shi. Yana amfani da na'urorin awo kamar kowa, amma in an gama sai ya ɗauko wani tsohon kwanon sha da ya zo da shi daga gida, ya cika shi da ruwa har baki, ya ajiye a tsakiyar falo. In ruwan ya tsiyaya ta gefe guda, to a koma ƙarƙashi. Abokan aikinsa sun yi ta yi masa dariya, daga baya kuma suka riƙa tambaya ko ya zo da kwanon.

Ya yi imani da gidajen nan. Yakan ce sun fitar da talaka daga kunya, domin mai aikin sito ko direban bas zai iya cewa ga gidana. Ni da nake haya a bene a wajen titin Wendover na sha zolaya a wurinsa.

"Mai Labarai," yakan ce, "kai har yanzu a saman kan wani kake kwana, wani kuma a saman naka? Ina ka taɓa ganin magidanci a tsakiyar sanwic, kamar nama tsakanin burodi biyu?"

Da ya tara abin da ya tara, ya sayi nasa a kamfanin da yake yi wa aiki. Aka kai shi gabashin gari, can bayan inda gidaje suke fara nisa da juna, a gonar wani dattijo Bature da ya daina noma ya yanka ta fili-fili yana ba masu irin waɗannan gidaje haya. Tsoho muke kiransa. Ina wurin ranar da aka zaunar da gidan. Da ruwan kwano ya tsaya, Malam Haladu ya sa aka kwance tayoyin, ya kuma ɗauko injin yanka ƙarfe ya datse hancin ƙarfen da mota take jan gidan da shi. Na ce masa me zai hana ya ajiye su, ko don wata rana.

"Wace rana?" ya ce. "Na gaji da tafiya. Daga Funtuwa zuwa Legas, daga Legas zuwa nan. Ba zan kwantar da iyalina a kan taya ba."

"To filin fa, na wane ne?"

"Na Tsoho ne. Mun yi musafaha."

Ya ga fuskata, sai ya yi mini bayani cikin haƙuri, kamar ni ne baƙon da bai san duniya ba. Ya ce kakansa a filin aro ya yi gini, kuma har yau jikokinsa suna ciki, ba wanda ya taɓa ɗaga musu murya. Mutum in ya ba ka wuri, ya ga ka kafa iyali, kun ci abinci tare, shi ke nan magana ta ƙare. Haka ya ɗauki Tsoho, kuma gaskiya Tsoho bai ba shi kunya ba. Kowane wata da hannunsa yake kai kuɗin hayar filin, tare da masa mai zafi daga kicin ɗin Hajiya Rabi. Dattijon ya saba da masar har yakan leƙo ya tambaya ko wata ya ƙare.

Daga nan ya yi abin da ya fi alfahari da shi. Gidajen masana'anta ƙofarsu kai tsaye cikin falo take buɗewa, abin da bai taɓa kwanta masa ba. Sai ya gina zaure na katako a gaban gidan, mai ƙofa biyu, ya fasa bango ya haɗa rufin da rufi yadda ko ɗigo ba ya shiga. A iya sanina shi ne zaure na farko a garin nan. Nan sabon zuwa yake kwana kafin ya sami ɗaki. Nan aka raɗa wa yara da yawa suna. Ranar Babbar Sallah maƙwabtanmu Kiristoci 'yan Jos da Kafancan nan suke zama su jira soyayyen nama, suna tsokanarsa cewa ragonsa na bana ya fi na bara rama. Ma'aurata da suka kusa rabuwa sun shiga ta ƙofa ɗaya da fushi, sun fita ta ɗayar suna jin kunyar juna.

A bakin aiki ajali ya same shi, cikin sanyin ƙarshen shekara. Ya fito daga ƙarƙashin wani gida, ya ce wa abokan aikinsa bari ya ɗan zauna. Zuciya ce. Muka kai shi maƙabartar Musulmi da ke bayan gari, muka dawo muka yi zaman makoki a zauren da ya gina.

Ba a jima sosai ba Tsoho ma ya rasu. 'Ya'yansa suna wasu jihohi, ba su san Malam Haladu ba, ba su taɓa cin masa ba, kuma babu abin da ya wajabta musu riƙe gona. Suka sayar. Wanda ya saya shi ne kamfanin da marigayin ya yi wa aiki, domin ya bunƙasa, ya wuce ƙera gidaje da sayarwa, ya shiga mallakar filayen da ake zaunar da su. Tun daga lokacin hayar fili take hawa kowace shekara. Hajiya Rabi tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta ƙara sa'o'i, ta daina aika abin da take aikawa gida, har dai ta kai inda ba ta iya bi. Gida nata ne, ba wanda ya yi musu. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta fi ƙarfinta.

'Yarsu Nafisa, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kawo mafita. Ta daɗe tana tari a ɓoye, ta sayi ɗan fili a wata ƙaramar hukuma da ke maƙwabtaka da mu, da sunanta a takarda. Shawararta ita ce a ɗauke gidan mahaifinta a kai can. Ai gida ne da aka yi don a ja. Duk muka yi murna, har wasu suka fara rabon wanda zai kawo abinci ranar tashi.

Aka kira mai ɗaukar gidaje, sai ya kasance tsohon abokin aikin marigayin ne, wani baƙin Ba'amurke mai furfura. Ya shiga ƙarƙashi da tocila ya daɗe, ya fito ya zagaya zauren, ya hau tsani ya duba mahaɗar rufin. Sannan ya faɗa mana abin da ya gani, ni kuma na mayar wa Hajiya da Hausa, ko da yake ta riga ta gane daga fuskarsa. Taya ba matsala ba ce, ana samun haya. Hancin ma ana iya walda wani. Amma zauren ya zama jiki ɗaya da gidan, in an raba su gefe guda zai buɗe. Gidan kuma ya tsufa, da wuya hukumar can ta yarda a shigo da mai shekarunsa, in ma ta yarda kuɗin ɗaukar zai fi abin da gidan zai yi a kasuwa. Ya yi 'yar dariya ya ce wanda ya zaunar da gidan nan bai yi niyyar a sake tayar da shi ba. Sai ya cire hularsa, ya daina dariyar.

A makon ne kuma, ina cikin cunkoson Wendover, na ji labarin kasuwanci a rediyon mota. Kamfanin ya fitar da sakamakonsa na wata uku. Ciniki ya ƙaru, riba ta ƙaru, kuma ɓangaren da ya fi faranta wa masu hannun jari rai shi ne hayar filaye, domin kuɗi ne da ba ya yankewa: masu gidajen ba kasafai suke tashi ba, saboda tsadar ɗaukar gida.

Na yi shekaru ina tace labari kafin in karanta shi, kuma an koya mini in raba abin da ya faru da abin da nake ji. Na auna wannan labari ban sami ƙarya a cikinsa ba. Gidajen gini sun yi wa ma'aikaci nisa, don haka mutane suna komawa ga na masana'anta, kuma iyalai da yawa sun sami rufin asiri ta wannan hanya. Kamfanin bai karya doka ba, bai kori kowa ba, ma'aikatansa ma da ladabi suke magana. Da ina bakin aiki da na karanta shi da murya daidai, na wuce zuwa labarin wasanni. Bambancin kawai shi ne yanzu na san ɗaya daga cikin mutanen da ba sa tashi, na kuma san wanda ya datse hancin gidanta da hannunsa, don ƙaunarta.

Na sha tambayar kaina me Malam Haladu zai ce da yana raye. Rabin farko na labarin zai yi masa daɗi, na tabbata, har ya buga mini waya ya ce, "Ka ji ko, Mai Labarai? Ka ci gaba da zama a sanwic." Rabi na biyu ne ban san yadda zai ɗauka ba. Ina jin da farko zai nemi sanin wane ne mai filin yanzu, don ya je su gaisa. Za a ba shi lambar waya da adireshin wani ofis a wata jiha. Ina hango shi tsaye da masa a hannu, babu wanda zai miƙa wa. Wannan ne abin da ba na son tunawa, ko da yake bai faru ba.

A ƙarshe kamfanin ne ya sayi gidan daga hannun Hajiya, a farashin da ba zan faɗa ba. Za su yi masa fenti su ba wasu haya. Zauren ba ya cikin tsarinsu, sun ce za su rushe su toshe bangon. Hajiya ta roƙi alfarma ɗaya, a bar mutanenmu su kwance shi da kansu. Ranar Asabar muka taru, Musulmi da Kirista, yawancinmu waɗanda suka taɓa kwana a cikinsa. Muka cire katakon ɗaya bayan ɗaya, muka loda a mota.

Da aka kwashe kaya falo ya zama wayam, sai Nafisa ta fito daga kicin da kwanon nan. Ta cika shi har baki, ta durƙusa ta ajiye a tsakiyar ɗaki. Muka tsaya muna kallo. Ruwan ya yi rawa kaɗan, ya tsaya, bai zuba ta ko'ina ba. Ta faɗi wani abu da Turanci, sai ta sake da Hausarta mai tsami: "Mama, har yanzu daidai yake."

"Ai na sani," in ji Hajiya. "Shekara nawa ina shara a nan." Ta juyo gare ni. "Malam, ka ga abokinka ya fi mu dabara. Shi ya sami filin da ba a ƙara wa haya."

Ba ta jira amsata ba. Ta ɗauki kwanon ta fita, ta zubar da ruwan a inda ƙofar zauren take a da, ta goge shi da gefen mayafinta ta sa a jaka.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Malam Haladu, ba zan ce gida ba. Gidan zai shiga lissafin kamfani na wata uku mai zuwa, kuma ba za a ambaci sunansa ba. Wasu mutane za su taka daɓen nan, yaransu su yi rarrafe a kai, ba tare da sun san wanda ya kwanta a ƙasa cikin sanyi ya daidaita musu shi ba. Ya yi kuskure a kan fili, ba zan ɓoye ba, kuma iyalinsa ne suka biya. Amma kuskuren daga inda alherinsa ya fito shi ma ya fito: ya ɗauka duk wanda ya miƙo hannu mutum ne da za a iya zama da shi har abada, kuma da wannan zaton ne ya buɗe wa rabinmu ƙofa.

Hajiya Rabi tana ɗakin 'yarta yanzu, a bene, a tsakiyar sanwic. Katakon zauren yana can a filin Nafisa, an jera shi kan bulo an rufe da tamfol. Babu gida a wurin tukuna, sai ciyawa da turakun iyaka. Nafisa ta ce ba ta san yaushe za ta iya gini ba, amma ta san abin da za a fara kafawa.

Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya zaunar da shi a gidan da ba a tashi.