Baba Tokuji da Furannin Tudun Jinka

Ranar Talata, huɗu ga watan Fabrairu, da misalin ƙarfe tara na safe, Baba Tokuji Haraguchi ya rasu a gidansa da ke ƙauyenmu, yana da shekara tamanin da bakwai. Matarsa, Inna Fumie, ce ta bugo mini waya. Ta ce ya sha shayinsa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Baba Tokuji, ni ce Shizue, wadda ka yi shekara talatin kana kira Malamar Shinge. Ban taɓa jin daɗin sunan ba, amma ni na jawo wa kaina.

Da aka turo ni koyarwa a ƙauyen nan, na tarar kuna cinna wa tudun jinka wuta duk watan Maris, da kaka kuma ku yanke ciyawar don shanu da rufin gidaje. A shekarata ta farko na ƙirga furanni iri sittin da ɗaya a tudun. Da na ga wutar, raina ya ɓaci. Na yi ta rubuce-rubuce har hukuma ta killace gefen da ya fi yawan furanni, aka kafa allo: ba yanka, ba wuta, ba tsinka. Ranar da ake kafa shingen ka zo ka tsaya, hannu a baya.

"Malama, furen nan bai saba da hutu ba. Ki ba shi shekara biyar, za ki neme shi ki rasa."

Na ce maka ni karatun tsirrai na yi. Ka ce, "To, madalla. Ni kuma shanu ne suka koyar da ni."

A shekara ta shida, ƙananan gora da bishiyoyi sun cinye cikin shingen, inuwa ta rufe ƙasa. Na sake ƙirgawa, na sami iri goma sha huɗu. Kikyo, shuɗin furen da muke kai wa kakanni a bikin Bon na watan Agusta, lokacin da ruhin mamata ke ziyartar gida, ko ɗaya babu. A wajen shinge kuwa, inda kake ta yankanka da ƙonawa, yana nan fal. Na zauna a kan dutse na yi kuka, don kunya ta ishe ni. Washegari ka zo gidana da lauje biyu da wata tsohuwar ambulan cike da iri, ashe tun shekarar farko kake tarawa. Ba ka ce ai ka faɗa mini ba. Cewa ka yi, "Ga naki laujen. Shingen a cire shi, amma ki bar mana layi ɗaya, yana da daɗin shanya safar hannu."

A hannunka na koyi cewa ba a yanka sai iri ya zuba, kuma mai tsinkar furen Bon kara uku yake ɗauka a dami, wanda ya tsaya shi kaɗai a bar shi. Shekara goma sha biyu muka yi kafin gefen nan ya farfaɗo, kuma iri tara ba su dawo ba har yau. Ni na kashe su, ban manta ba.

Kai ka yi wa marigayiya Inna Tomi rufin gidanta sau biyu ba ka karɓi komai ba sai tuwon shinkafa. Amma kana da taurin kai, a faɗi gaskiya. Likita ya hana ka hawa tudu, ka ce shi ma ya hau ya ga ko zai mutu. A watan Satumba ka yanke hanyar tare wuta ta gefen gabas kai kaɗai, cikin kwana goma sha ɗaya.

Yanzu gidaje goma sha ɗaya suka rage cikin arba'in. An sayar da shanu, rufi ya koma kwano, matasa sun tafi birni. Dokar ƙauye ita ce ba a cinna wuta sai da mutum ashirin, kuma an riga an yanke a taro cewa duk shekarar da aka fasa, za a ba wani kamfani tudun ya shimfiɗa allunan wutar rana. Da kai sunaye goma sha takwas ne a jerin masu cinna wutar bana, kana ta neman biyu. Ni tun da gwiwata ta lalace na cire sunana.

Ranar da muka je gaisuwa, Inna Fumie ta dubi ɗanku Noriaki da ya zo daga birni, ta ce, "A watan Agusta babanka zai ziyarci gida karo na farko. Me zan ajiye masa? Furen kanti? Ka san halinsa, daga bakin ƙofa zai juya."

Noriaki ya ce a sa sunansa. Na mayar da nawa. In ban iya gudu ba, na iya riƙe bokiti. Mun zama goma sha tara, kuma ranar wuta ita ce tara ga Maris.

Allah ya jiƙanka, Baba Tokuji, ya sa ka huta, kakanni su karɓe ka hannu biyu-biyu. Allah ya ba Inna Fumie da Noriaki da sauran dangi haƙurin wannan rashi. Duk wanda ya taɓa tsinkar fure a tudun nan ya kai kabarin iyayensa, ya sani saura mutum ɗaya. Laujen Baba yana rataye a shinge, ya wasa shi kafin ya tafi.