Jan Farce a Kan Fiyanon Gwaggo

Gwaggo, yayar babana, ta shekara talatin da ɗaya tana koyar da kiɗan fiyano a falonta, kuma a da ba ta zama kusa da ɗalibi. Sai ta zaunar da shi a benci, ta buɗe masa littafi, ta shige kicin abinta. Tana yankan albasa za ka ji ta ɗaga murya ta ce hannun hagu ya yi barci, ko ta ce yatsa na huɗu ake sawa a nan, ba na uku ba. Kunnen nan shi ne jarinta. Ba miji, ba ɗa, ba fansho, sai ni da na tare a ɗakinta na baya tun da na samu aiki a kantin magani.

Bara ta fara ƙorafi wai maɓallin ƙarshe na dama, mai siririyar murya, ya mutu. Ta ɗauki jan farcena ko tambaya babu, ta ɗiga masa don ɗalibai su kauce masa. Bayan wata guda na kusa da shi ma ya mutu. Daga nan sai uku a mako ɗaya. Ta zagi damshi, ta zagi ɓeraye, har kafintan da ya ƙera akwatin bai tsira ba.

Ta kira mai gyara, wani dattijo da suka daɗe suna aiki tare. Ya buɗe murfin, ya duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya danna maɓalli mai jan ɗigo. Na ji ƙararsa sarai, kamar an buga cokali a kofin gilashi.

"Ka gani ko?" in ji Gwaggo. "Shiru, sai ka ce katako."

Dattijon ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Ya ce mata sai ya nemo kayan gyara. Da na raka shi bakin ƙofa ya rage murya ya ce fiyano lafiyarsa ƙalau, wannan gyaran na likitan kunne ne, in kai Gwaggo tun da wuri.

Ban kai ta ba, ban kuma faɗa mata ba. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Ni da nake yi wa baƙi bayanin magani daga safe har yamma, na kasa haɗa kalma biyar a gaban Gwaggo.

Sai ta daina shiga kicin lokacin darasi. Ta jawo kujera dab da benci, idonta a kan yatsun ɗalibi, tafinta a manne jikin fiyano. Iyaye har murna suke wai Malama ta ƙara kula. Amma wata ma'aikaciyar banki da ta yi nisa a karatu ta kwafsa layi guda cur a ɓangaren dama, Gwaggo ta ce madalla. Matar ta daɗe tana kallonta, ta rufe littafi, ba ta sake dawowa ba. Haka manyan suka riƙa zamewa. Saura ƴan farawa, waɗanda hannunsu ba ya wuce maɓallan tsakiya, jan ɗigo kuwa kullum can yake matsowa.

Jiya da safe na tarar da ita tsaye ta ba ni baya, kwalbar jan farce a hannu. Ta danna wani maɓalli da kowane sabon ɗalibi yake taɓawa a makonsa na biyu. Ta sake dannawa da ƙarfi. Ba ta ɗiga masa komai ba.

"Ke kina jin sa, ko?"

Na ce, "Ina ji, Gwaggo. Dukansu ina ji."

Ta tsaya tana jira, ba ta waiwayo ba.

"Tambayarki nake yi," ta ce.

A waje, ɗalibar ƙarfe goma ta daɗe tana ƙwanƙwasa ƙofa.