Ledar da Na Taya Mista Collins Shimfiɗawa

Wata Asabar da hantsi, cikin watan Agusta na shekarar 1975, ƙafar Umma ta burma cikin daɓen karaban ɗinmu, wato ɗakin tafiya da mota ke ja, har gwiwa. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tabarma, ita kuma ta shiga da tukunyar dafa-duka za ta ajiye kusa da wurin wanke-wanke. Na ji wani sauti marar ƙarfi, kamar an taka ruɓaɓɓiyar kabewa, sai tukunya ta kife, shinkafa ta watse, Umma ta dafe cikinta da hannu biyu tana salati. Cikin wata bakwai gare ta. Baba yana waje yana ɗaura karaban ɗin a bayan mota, don ranar za mu tafi bakin teku. Ya shigo da gudu ya ciro ta. Wata ƙusa mai tsatsa ta yage mata ƙauri, jini na bin zaninta.

Shekarata tara a lokacin. Baba ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, kuma da arzikin mai ya fara shigowa aka riƙa tura irinsu ƙaro ilimi, shi ya sa muka tsinci kanmu a Barking, wata unguwa a gabashin Landan, cikin jerin ƙananan gidaje masu manne da juna. Da safe nakan ɗauraye kwalaben madara in jera a bakin ƙofa, in share matattakala, da yamma kuma in kwashe shanya kafin yayyafi ya sake jiƙa ta. A makaranta 'yan mata na tsallen igiya, ba kasafai suke ba ni ko bakin igiyar in riƙe ba, sai in koma gefe in yi carafke da duwatsun da na tsinto. A layinmu ma mutane kan wuce Umma kamar ba su gan ta ba. Mutum ɗaya ne yake ɗaga hula ya gaishe ta, wato Mista Collins, maƙwabcinmu na dama, tsohon direban bas da matarsa ta rasu. Shi ya nuna wa Baba yadda ake kunna hita mai ɗumama ɗaki, yana miƙo mini alewa ta kan shinge, Umma kuma na aika ni in kai masa ƙosai da zafinsa. Baba yakan ce, "Wannan Baturen dattijo ne."

A bayan gidansa, ƙarƙashin wata itaciya, karaban ɗin yake: ɗan ɗaki mai taya biyu da mota ke ja, da gado da risho da labule mai furanni. Ya yi shekaru a kan ciyawa, ba rufa ba motsi. Da Baba ya nuna yana so ya saya, Mista Collins ya ce a ba shi mako guda ya kintsa shi. A cikin makon nan ne ya kira ni ta kan shinge, ya ce, "Zo ki taya ni, Rakiya, idonki ya fi nawa." Na shiga ina ta murna. Ya ɗaye tsohuwar ledar ƙasa, sai ga katakon ya yi baƙi ƙirin daga ƙofa har wurin wanke-wanke, wani wari na tashi kamar na jiƙaƙƙen buhu. Na danna yatsa, ya lotsa kamar burodi. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce datti ne kawai. Ya shimfiɗa jaridu, ya shafa gam, ni kuma na durƙusa na danne bakin sabuwar leda mai ruwan ƙasa yayin da yake yankawa. Ya ce in riƙa taka gefe-gefe har gam ya bushe. Da muka gama ya sa yatsa a leɓe: "Sirrinmu ne. Bari babanki ya gani da kansa ya yi mamaki." Na riƙe sirrin nan da alfahari, don tun zuwanmu ƙasar babu wanda ya taɓa ba ni amanar komai.

Umma ta kwana huɗu a asibiti. An ɗinke ƙafar, an yi mata allura saboda tsatsa, aka kuma ce ta kwanta saboda abin da ke cikinta ya daina motsi yadda ya saba. Kwanakin nan ban iya cin abinci ba. A rana ta uku Baba ya kira Malam Isiyaka, wani kafinta mutumin zangon Kumasi da suke sallar Juma'a tare. Ya zo da guduma da sukudireba, ya zagaya karaban ɗin yana latsa bango da babban yatsa. Ya hau tsani ya nuna wa Baba inda likin rufi ya tsage, ganye ya taru ya riƙe ruwa. Ya ja robar taga, ta kakkarye a hannunsa. Ya ce ruwa ba ya ɗiga a tsakiya inda za a gan shi, cikin bango yake bi a hankali, shekara bayan shekara, har ya sauka kan katakon ƙasa ya kwanta. Bututun wurin wanke-wanke ma yana yoyo, ga danshin ciyawa na bugowa daga ƙasa, katako bai taɓa samun bushewa ba. Sannan ya ɗaga ledar gaba ɗaya. Jaridun na manne a jiki, da kwanan watan Yuni na shekarar nan.

"Malam," in ji shi, "wanda ya sa ledan nan ya gani da idonsa. Ya sani."

A nan na fashe da kuka na faɗi komai.  Baba ya kama hannuna muka zagaya muka ƙwanƙwasa ƙofar Mista Collins. Ya fito da kofin shayi, ya saurari Baba har ƙarshe, sannan ya ce tsohon abu tsohon abu ne, kuma shi bai ɓoye wa kowa komai ba. Ya nuna ni da kofin ya ce, "Ai 'yarka na wurin. Ta ga komai. Me ya hana ta gaya maka?"

Har yau ban manta yadda hannun Baba ya ƙara matse nawa ba. Ashe ba idona Mista Collins yake so ba ranar da ya kira ni, shaida yake nema. Da muka dawo gida Baba ya tsuguna a gabana ya ce, "Ke ba ki san ruɓaɓɓen katako ba, Rakiya. Shi ya sani. Kada ki ɗauki kayan wani ki ɗora wa kanki." Ya faɗa, na ji, amma sai da aka haifi ƙanwata lafiya bayan wata biyu na iya kallon Umma ido cikin ido. Tabon ya zauna a ƙafarta har ƙarshen ranta. Karaban kuwa masu kwasar tsohon ƙarfe ne suka zo suka ja shi, rabin daɓensa na zubowa a titi. Mun ƙara shekara guda a gidan, shinge ɗaya tsakaninmu da mutumin, yana ɗaga mini hannu ina kau da kai.

Bara na je Landan wajen ɗiyata, na hau jirgin ƙasa na sauka a Barking. Unguwar ta cika da mutanenmu, na ji Hausa a tashar bas, na ga daddawa da kuka a kanti. Yaran yanzu ba za su rasa mai amsa musu sallama ba, kuma na yi musu murna. Na tsaya a bakin layin na ɗan lokaci ban shiga ba. Ba gidan nake kewa ba, yarinyar nan nake kewa, wadda ake kira ta kan shinge ta taho da gudu ba ta tambayi dalili ba. Ban sake zama ita ba.